Fumfunar Kunne

Fumfunar kunne cuta ce da ke kama fatar ramin kunne, wato hanyar nan da ta taso daga bakin kunne ta dire a kan dodon kunne. Likitoci na kiranta otomaikosis. Ba ƙwayoyin bakteriya ke kawo ta ba, irin halittar nan ce da ke tsirowa a kan tuwon da ya kwana biyu ko hatsin da ya sha laima. Tana nan a ko'ina a duniya, amma ta fi yawa a ƙasashe masu zafi da danshi, kuma galibi kunne ɗaya take kamawa.

Abin da ke haddasa ta

Dangi biyu na fumfuna ne suka fi kawo cutar: Aspergillus da Candida. A cikinsu Aspergillus niger ce kan gaba, kuma duk mai sayar da albasa ya san ta ko da bai san sunanta ba, domin ita ce baƙin garin nan da ake gani ƙarƙashin ɓawon albasar da ta daɗe a ajiye. 'Yar'uwarta Aspergillus flavus ita ke lalata gyaɗa da masara a rumbu. Ƙwayoyinsu suna yawo a ƙura da iska, suna shiga kunnen kowa kullum ba tare da sun yi komai ba. Sai sun tarar da wurin zama sannan su tsiro.

Ramin kunnen babban mutum bai wuce kimanin santimita 2.5 a tsawo ba, ga duhu, ga ɗumi. Abin da ke tsare shi shi ne dattin kunne, wanda mutane da yawa ke ɗauka ƙazanta ce. Yana da maiƙon da ke hana ruwa jiƙa fata, da ɗan tsamin da ke hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Idan gumi ko ruwa ya daɗe a ciki, fatar ta yi laushi ta kumbura, tsamin ya ragu, fumfuna ta samu gida. Shi ya sa cutar ta fi damun mazauna garuruwan bakin teku irin su Legas, Fatakwal, Akara da Duwala, inda iska ke cike da laima kusan duk shekara. A ƙasar Hausa kuwa damina ce ke kawo irin wannan yanayi.

Waɗanda suka fi kamuwa

Babu abin da ya kai sakace kunne ɓarna. Tsinken ashana, gashin kaza, murfin biro, makulli, har da tsinken audugar da ake sayarwa domin wannan aikin, duk suna kwashe dattin da ke kare fata, su kuma bar ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Abin tausayin shi ne cutar kanta ƙaiƙayi take sawa. Mutum ya sosa ya ji daɗi na ɗan lokaci, fatar ta ƙara rauni, ƙaiƙayin ya dawo fiye da da.

Na biyu shi ne maganin ɗigawa na kashe bakteriya da ake saya a kemis ba da umarnin likita ba. In aka ɗauki makonni ana ɗiga shi, yakan kashe ƙwayoyin da suke zaune lafiya a fatar kunne, fumfuna ta samu fili ita kaɗai. Haka ma ɗiga mai ko ruwan ganye. Masu yawan iyo da yaran da ke wanka a rafi ko kududdufi suna cikin haɗari, haka mai toshe kunne da iyafis ko na'urar taimaka wa ji tsawon yini, da wanda ke rufe jiƙaƙƙen kunne da kallabi ko rawani. Masu ciwon suga, masu ɗauke da ƙanjamau, da waɗanda dodon kunnensu ya huje yana zubar da ruwa sun fi saurin kamuwa, kuma tasu ta fi wuyar warkewa.

Alamomi

Ƙaiƙayi mai tsanani can cikin kunne shi ne alamar farko, kuma shi ya fi bambanta ta da ciwon kunnen bakteriya, wanda zafi ya fi rinjaye a cikinsa. Daga nan mutum ya ji kunnen ya toshe kamar ruwa ya shiga bai fita ba, jinsa ya ragu, wani kuma ya riƙa jin ƙara. Ruwa kan fito, fari ko ruwan toka ko baƙi. Idan likita ya haska, yakan ga wani abu kamar jiƙaƙƙiyar takarda da ɗigo-ɗigon baƙi a kai, ko farin zare kamar auduga. Ta Candida kuwa fara ce mai kauri, kamar kindirmo.

Magani

Tushen magani shi ne likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya tsabtace ramin sosai, sau da yawa da na'urar zuƙowa, domin magani ba ya ratsa tulin fumfuna. Bayan haka a ba da maganin ɗigawa irin su clotrimazole, a kuma kiyaye kunnen daga ruwa. Dole a fara duba dodon kunne, domin in ya huje wasu magungunan suna yi wa cikin kunne illa. Cutar takan dawo in aka daina magani da zarar ƙaiƙayi ya lafa. A Najeriya akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen wannan fanni.

Mai ciwon suga da ya ji zafin kunne mai hana barci, ko kumburi, ko ya ga gefen fuskarsa ya saki, kada ya jira gobe. A irin wannan hali ciwon yana iya cin fata ya isa ƙashin kai.