Lakar da ke Kwance a Tiga da Challawa Gorge: Waiwaye

Tun da aka ɗora aikin wutar lantarki a kan madatsun Tiga da Challawa Gorge a zamanin mulkin Kwankwaso na biyu, hirar da ake yi a Kano ba ta wuce tambaya biyu ba: megawat nawa za a samu, kuma yaushe. Na Tiga megawat 10 ne, an kuma tsara matatar ruwa ta Tamburawa da fitilun kan titi su fara cin moriyarsa. Wanda ke zaune a birnin da ake wuni a kwana ba wuta ba zai raina wannan ba. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana taruwa a ƙasan tafkunan nan, wanda da wuya ka ji an ambace shi a rediyo, wato laka. Muddin madatsa ta noma ce kawai, ana iya kau da kai daga gare ta shekara da shekaru. Da zarar an kafa injin lantarki, laka ta zama abokiyar gaba, domin tana toshe bakin bututu, yashin cikinta yana cin farfelar injin. Hanya mafi araha ta rabuwa da ita kuwa ita ce a sako ta cikin kogin da muke sha, muke kamun kifi.

Kafin madatsu, kogunan nan biyu na yashi ne. Kogin Kano yana gangarowa daga tsaunukan kudu, ya ratsa dajin Falgore, na Challawa ya taho daga yamma, su haɗu kafin Wudil su zama Kogin Hadejia. Da rani sai dai a tona yashi a sami ruwa. Da damina kuma su cika su batse da jan ruwa mai kauri, su kwashi ƙasar gonakin tudu su kai ta fadamun Hadejia da Nguru da Gashuwa. A can lakar nan arziki ce. Ita ce takin shinkafar fadama, kuma ambaliyar da ke kawo ta ita ce ke ta da kifi ya bar kwarin kogi ya shiga ciyawa ya yi ƙwai. Tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da kurungu duk da wannan jan ruwa suka san lokacinsu. Ko da aka kafa gidan ruwa na Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ɗibar ruwa kawai ake yi, ba a taɓa tafiyar kogin ba.

Gwamna Audu Baƙo ne ya sauya wannan. An gina Bagauda, sannan aka shiga aikin Tiga daga 1971 zuwa 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasashen Sahel. Tafkin Tiga ya mamaye kusan murabba'in kilomita 178, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are, wadda hedikwatarta ke nan Kano, madatsar ta koma hannunta. A 1992 aka kammala Challawa Gorge a yankin Ƙaraye, mai ɗaukar sama da kubik mita miliyan 900. Ba mai gaskiyar da zai musanta alherin da aka samu. Shinkafar Kura, tumatirin Kadawa, alkamar rani, ruwan famfon birni, masuntan da suka kafa sansani a bakin Tiga, duk daga nan suka fito.

Amma daga ranar da aka rufe ƙofar Tiga, lakar da ke zuwa Hadejia daga saman kogin ta tsaya a hanya. Ruwa mai gudu yana iya ɗaukar ƙasa, ruwan da ya tsaya ba ya iyawa. Yashi mai nauyi yakan zube tun a bakin tafki, laka mai laushi ta ƙarasa can ciki ta kwanta kusa da bango, tare da ganye da kara da kashin dabbobi da ragowar takin zamani da maganin feshi. Kowace damina sai an ƙara shimfiɗa. A Challawa Gorge abin ya fi fitowa fili, domin ƙasar da ke kewaye da tafkin tana zaizayewa, kuma an daɗe ana kukan yashi da laka na taruwa a bakin wuraren da birni ke zuƙar ruwa a ƙasan kogin.

Abin da ya faru a ƙasa ya fi ba ni tsoro, saboda shi ba hasashe ba ne, mutane suna cikinsa yanzu. Madatsun sun rage ƙarfin ambaliyar damina, suka kuma sa kogin da ke bushewa da rani ya koma yana tafiya a hankali duk shekara. Babu babban ruwan da zai share kwari, babu ranin da zai ƙone ciyawa. Kachala ta sami abin da take so. Ta cika hanyoyin ruwa, saiwoyinta suka riƙa kama ɗan lakar da ke zuwa, hanyoyi irin su Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya yi wa hanyar ruwa ta Marma da tafkin Nguru yawa. Wani gari ambaliya ta cinye gonarsa, na kusa da shi kuma ya rasa ruwa. Tsuntsun jan-baki ya sami maɓuya a cikin kachalar yana fitowa ya cinye hatsi. Masunci ba ya iya jefa taru, jirginsa ma ba ya wucewa. Wannan yanki ne da aka sa cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a shekarar 2000, kuma wani ɓangare na kifin banda da ake saye a kasuwannin Kano daga can yake zuwa. Darasin a bayyane yake: yadda aka saki ruwa a Bebeji, inda Tiga take, shi ke yanke hukunci a Nguru.

A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan mamakon ruwa, aka yi asarar rayuka da gidaje. Daga baya aka rage tsawon mafitar ruwa ta Tiga don a sauƙaƙa wa bangon nauyi, abin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa. Tun daga nan, in an yi maganar madatsa a Kano, tsoron ɓallewa ake nufi, musamman bayan abin da Alau ta yi wa Maiduguri a watan Satumba na 2024. Tsoron yana da dalili. Amma ya rufe wata tambayar: me ke cikin ruwan da ake saki da gangan?

Ƙasashen da suka riga mu haɗa madatsa da lantarki sun biya kuɗin wannan tambayar da kifinsu. Masar ta fara ganin gefe ɗaya: da babbar madatsar Aswan ta tare lakar Nilu a shekarun 1960, kamun sadin a bakin Bahar Rum ya faɗi warwas, manoma suka koma dogaro da takin buhu. Sudan ta ga ɗaya gefen. Madatsar Khashm el-Girba da aka gina a 1964 a kan Kogin Atbara ta cika da laka har ta rasa babban kaso na cikinta, aka koma buɗe ƙofofin ƙasa ana wanke ta, kuma duk lokacin da aka yi wankin sai kifi ya mutu da yawa.

Yadda yake mutuwar ya kamata kowa ya fahimta. Lakar da ta shekara a ƙasan tafki ba ɗaya take da jan ruwan damina ba. Ta ruɓe a inda babu iska, ta yi baƙi, tana wari. In aka sako ta gaba ɗaya, sai ta zuƙe iskar oksijin da ke cikin ruwa cikin ɗan lokaci, ta kuma saki ammoniya da sauran abin da ta ɓoye. Ƙananan ƙwayoyinta suna liƙe wa wurin da kifi ke numfashi da shi, su gurje shi. Wanda ya tsira daga wannan sai ya tarar an binne ƙwansa, an binne tsutsotsi da ƙananan halittun da yake ci. Tarwaɗa da gaiwa suna iya ɗagowa su shaƙi iska a sama, don haka sun fi juriya. Giwan ruwa da ƙananan kifaye ba su da wannan gatan. Kamar kwata ce da aka bari ba yasa: in ana share ta kullum ba wanda zai ji, in aka bar ta ta shekara aka buɗe rana ɗaya, unguwa ba za ta zaunu ba.

Turawa ma sai da suka ƙone hannu. A Kogin Rhône, madatsar Verbois da ke kusa da Janiba a Suwizalan takan wanke cikinta lokaci-lokaci, lakar ta gangara Faransa ta bi ta madatsar Génissiat. Wankin 1978 ya hallaka kifi mai tarin yawa. Bayansa ne aka kafa iyaka a rubuce: a matsakaici kada laka ta wuce giram 5 a kowace lita, kada ta zarce giram 10 fiye da awa shida a jere, kada ta zarce giram 15 fiye da rabin awa. Ana aunawa dare da rana muddin ana aikin, ana gauraya ruwan ƙasa mai laka da na sama mai tsabta don a tsaya cikin iyakar. A Japan kuma, madatsar Dashidaira da ke Kogin Kurobe ta yi wankinta na farko a watan Disamba na 1991, bayan shekaru tana tarawa. Baƙar laka mai wari ta fita har teku, masunta suka tashi tsaye, maganar ta kai kotu. Abin da aka koma yi shi ne wanki a kai a kai a lokacin ambaliyar damina, kafin lakar ta ruɓe, kuma daga 2001 ana haɗa shi da na madatsar Unazuki da ke ƙasanta. Duka wuraren biyu abu guda suka gano: kaɗan-kaɗan, a lokacin da kogi ya saba ɗaukar laka, da ma'auni a hannu.

Tiga ba irin waɗancan ba ce, kuma bai kamata a tsoratar da mutane da abin da ba zai yiwu ba. Cikinta ya fi ruwan da ke shigo mata a shekara, don haka ba wanda zai zubar da ita ƙasa don wanki, ya bar Kura da Bunkure da Garun Malam da birnin Kano ba ruwa. Abin da ya fi kusa da faruwa ƙarami ne amma mai maimaituwa: yasar bakin bututun injin, buɗe ƙofar ƙasa don a kori abin da ya taru a gabanta, sakin ruwan can ƙasa mai ƙarancin iska, ko ƙara ruwa da rage shi kwatsam gwargwadon buƙatar wuta. Kowanne daga ciki yana isa Tamburawa. Ruwa in ya yi kauri, matata takan ƙara alif, tankunanta su cika da wuri, wani lokaci a rage aiki, kuma mai sayen jarka a hannun 'yan garuwa shi ke biyan bambancin. A ɓangaren Challawa akwai ƙarin damuwa. Shekaru da dama ruwan majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa yana shiga kogin, kuma sinadarin kuromiyom da ake jima da shi yana kwanciya ne a cikin laka. Ruwan da aka sako da ƙarfi daga sama zai iya tayar da abin da ya kwanta, ya kai shi gonakin lambu da cikin kifi.

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tun 1992, akwai hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli tun 2007. A 2006 jihohi shida da ke cin wannan ruwa, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, sun zauna a Damaturu suka kafa asusun kula da kogin. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING, wanda ya taɓa gyaran hanyoyin ban-ruwa na Kano da Hadejia da lafiyar madatsun. Inda gizo ke saƙa shi ne rabon iko. Madatsa ta tarayya ce, injin wuta na jiha ne, matatar ruwa tana ƙarƙashin wata hukumar, masunci kuwa sarkin ruwansa kawai ya sani, shi ma ba a kiransa taro sai an gama yanke shawara. Ga shi mai sayar da wuta abin da yake so shi ne ruwa daidai wa daida kullum, rani da damina, wato ainihin tsarin da ya haifi kachala. Tun da dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar gudanar da kasuwar wutarsu, matsin lambar a juya injin ba tsayawa sai dai ya ƙaru.

Ni ina goyon bayan wutar Tiga da Challawa, kuma don haka ne nake so a rubuta ƙa'idar tun injin bai fara kuka da laka ba. A auna zurfin tafkunan biyu, a buga sakamakon kowa ya gani, a riƙa maimaitawa. A kafa ma'aunin kaurin ruwa da iskarsa a ƙasan kowace madatsa, da Tamburawa, da Wudil. A haramta duk wani sakin laka da rani, lokacin da kogi ba shi da ƙarfin tsarma ta kuma kifi ya taru a 'yan gurabe. Abin da aka yaso daga bakin bututu a fitar da shi tudu, a gwada shi, in mai kyau ne manoma za su kwashe. A sanar da sarakunan ruwa da manajojin matatu da mutanen Ringim da Hadejia kwanaki kafin a taɓa ƙofa, da Hausa, a gidajen rediyon da suke saurare. A cikin yarjejeniyar sayar da wutar kuma a ware makonni a tsakiyar damina da za a saki babban ruwa don fadama, ko da megawat zai ragu a lokacin.

Mafi arahar aikin yana can sama da tafkin. Duk buhun gawayin da ya fito daga Falgore, duk gonar da aka nome har bakin rafi a Tudun Wada da Doguwa da Ƙaraye da Rogo, ƙarin ƙasa ce da damina mai zuwa za ta kai cikin madatsa. Kaso kaɗan daga kuɗin wutar da za a sayar ya isa a biya manoman waɗannan wurare su bar tazara tsakanin kunya da gaɓa, su dasa ciyawar jema da itatuwa, a kuma ɗaure bakin kwazazzabai tun suna ƙanana.