Mece ce na'urar matsa ƙafa da ake ɗaura wa wanda aka sauya wa gwiwa?

Wanda ya raka ɗan'uwa aikin sauya gwiwa, a Asibitin Ƙashi na Dala ko wani babban asibiti, wataƙila ya ga an naɗe wa majinyaci sharaɓa da wani mayafi mai tiyo, yana kumbura yana sacewa kamar zuga-zugin maƙeri. Likitoci na ce wa na'urar IPC, wato a taƙaice da Turanci, na'urar da ke matsa ƙafa da iska tana saki. Ba ita ke warkar da gwiwar ba, aikinta hana jini daskarewa a jijiyoyin cikin ƙafa.

Tsokar sharaɓa ce ke tura jini sama zuwa zuciya duk lokacin da mutum ya taka ƙasa. In ya kwanta bayan tiyata, jinin sai ya yi kwance kamar ruwan kududdufi. Ga jijiyoyi sun ji rauni wurin aikin, ga jinin ya ƙara saurin yin guda. Haɗarin shi ne gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar huhu, abin da ke iya kashe mutum farat ɗaya. Na'urar tana matsa sharaɓa ta saki, ta yi wa ƙafa abin da tafiya ke yi mata.

Ana so ta kai awa 18 a jiki kullum, rigakafin kuma ya ɗauki aƙalla kwana 10 zuwa 14, wani lokaci har 35, galibi tare da maganin tsinka jini. Don haka in Baba ya ce ta dame shi da ɗumi da gumi, a daure, kar a kwance masa don tausayi.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan sallama. Ƙauyukanmu ba wuta, na'ura mai batir kuma ba kowa ke iya saye ba. A sha magani yadda aka rubuta, a riƙa motsa idon sawu sama da ƙasa, a riƙa takawa da sanda. In hanyar gida da nisa, kamar Gumel ko Haɗeja, a tsaya ya miƙe ƙafa.

Sai maganar tausa. Mun saba ƙafa ta kumbura a ɗauko man zafi a murje ta. Idan sharaɓa ɗaya ta kumbura, ta ɗau zafi, tana ciwo, don Allah kar a taɓa ta, domin murza na iya ɓalle gudan. Ita kanta na'urar ba a ɗaura ta a ƙafar da jini ya riga ya daskare. A nemi mota a koma asibiti, ko da tsakar dare ne, musamman in numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na suka.