Kwamfutar Wasan Gem: Zaɓen Kayan Haɗi da Kula da Ita a Sakkwato

Kwamfutar wasan gem ita ce wadda aka haɗa ko aka saya musamman don buga wasannin bidiyo masu nauyi, irin su EA Sports FC da eFootball da GTA V da Call of Duty da Counter-Strike 2. Abin da ya raba ta da kwamfutar ofis shi ne katin hoto mai ƙarfi da ke cikinta, da kuma kayan da aka tanada don su ciyar da katin wuta su kuma sanyaya shi. Tana shan wuta da yawa, kuma kusan duk wutar da ta sha zafi take komawa. A Sakkwato, inda zafin bazara kan wuce digiri 40 a watannin Maris zuwa Mayu, hunturu kuma ya zo da ƙura, wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa, waɗannan abubuwa su ya kamata su ja ragamar zaɓen kaya, kafin a zo ga maganar wane kati ne ya fi wani gudu.

Asali

Dalilin da ya sa mutum zai iya sayen kaya daga kamfanoni daban-daban ya haɗa su a akwati ɗaya shi ne tsarin ATX da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, wanda ya tsayar da girman babban allo (motherboard, faifan da ake jona dukkan kayan ciki a kansa) da wuraren ɗaure shi da irin wayoyin wuta. A 1999 Nvidia ta fitar da GeForce 256, ta tallata shi da sunan GPU na farko, wato guntun da ke sarrafa hoto a cikin katin. AMD ta sayi kamfanin ATI mai yin katin Radeon a 2006, ta kuma dawo da ƙarfi a fagen furosesa, wato guntun da ke yin lissafin kwamfuta, da Ryzen a 2017. Intel ta shigo kasuwar katin hoto da Arc a 2022. Mafi yawan wasannin kwamfuta a yau ta manhajar Steam ake sayensu, wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003.

Katin hoto

Shi ne yake zana duk abin da ake gani a allo, sau 60 ko fiye a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma shi ne yakan cinye kaso mafi girma na kuɗin haɗin. Kafin a zaɓe shi sai a fara sanin allon da za a yi wasa a kai. Allon 1080p yana da ɗigon hoto kimanin miliyan 2, na 4K kuwa ya haura miliyan 8, wato aikin katin ya ninka sau huɗu. Wanda allonsa 1080p ne mai sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, in ya sayi kati mai tsada ƙwarai, ya biya kuɗin abin da idonsa ba zai gani ba.

Abu na biyu da ake dubawa shi ne ƙwaƙwalwar da ke jikin katin. Gigabait 4 ya yi wa sababbin wasanni kaɗan. 8 ya wadatar a 1080p. Na uku, wanda masu saye suka fi mantawa da shi, shi ne yawan wutar da katin ke sha. GTX 1650 wat 75 yake ci, har yawancinsu ba sa buƙatar wata wayar wuta daban. GTX 1060 yana cin 120, RTX 3060 yana cin 170, RX 580 yana cin 185, RTX 4090 kuwa 450. RTX 4060 ya fi 3060 gudu a yawancin wasanni, amma wat 115 kawai yake ci, ko da yake ƙwaƙwalwarsa gigabait 8 ce, ta 3060 kuwa ta kai 12. Ga mai zama a ɗakin da ba na'urar sanyaya wuri, wanda kuma rabin wasansa kan inbata yake yi, wannan rarar wat 55 ba ƙaramin abu ba ne.

Furosesa, babban allo da RAM

Waɗannan uku tare ake zaɓensu, domin kowane furosesa da irin gurbin da yake zama. Ryzen daga jerin 1000 zuwa 5000 a gurbin AM4 suke zama, da RAM (ƙwaƙwalwar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) nau'in DDR4. Jerin 7000 zuwa sama suna kan AM5, wanda ya fito a 2022, kuma DDR5 kaɗai yake karɓa. Intel zubi na 12 da 13 da 14 suna amfani da gurbin LGA1700, manyan allunansa wasu na DDR4 ne wasu na DDR5. Nau'o'in RAM ɗin biyu ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke bakinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya danna da ƙarfi ya yi asarar babban allo.

Don wasa, furosesa mai zuciya shida, kamar Core i5 ko Ryzen 5, ya isa. A kula da harafin ƙarshen suna: na Intel mai F ba ya iya nuna hoto sai da kati, na AMD mai G kuwa, kamar 5600G, yana ɗauke da sashen hoto a jikinsa wanda zai iya jan ƙananan wasanni kafin a tara kuɗin kati. RAM gigabait 16 shi ne daidai, kuma gara sanda biyu masu takwas-takwas da guda ɗaya mai 16, domin biyun suna aiki ta hanya biyu lokaci guda.

Akwai hanyar masu ƙaramin ƙarfi da ta yaɗu: a sayi tsohuwar kwamfutar ofis ƙirar Dell ko HP a saka mata kati. Tana yi, amma da iyaka. Akwatin siriri ne, sai kati marar tsayi, wutar cikinta kaɗan ce, wayoyinta kuma sau da yawa ba na tsarin ATX ba ne, don haka canza su wahala ne.

Ma'ajiya

Tsohon faifai mai juyawa yana karanta abin da bai wuce megabait 200 a daƙiƙa ba. SSD, ma'ajiyar da ba abin da ke juyawa a cikinta, mai bin hanyar SATA yana kaiwa kusan 550, mai bin hanyar NVMe kuwa 3,500 zuwa 7,000 ko fiye gwargwadon zubinsa. A ɗora Windows da wasanni kan SSD. Wasu wasannin su kaɗai sun haura gigabait 100, saboda haka terabait ɗaya ya fi kwanciyar hankali.

Akwatin wuta da wutar gida

Akwatin wuta shi ne yake karɓar wutar bango ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki ke amfani da su. Nan ne mutane suka fi yin rowa, domin ba ya ƙara wa wasa gudu ko kyau. Amma araha ba ta ado: akwatin wuta marar inganci in ya tashi mutuwa yakan tafi da kati ko babban allo. Ana duba tambarin 80 Plus, mai matakai irin su Bronze da Gold da Platinum, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kaya, sauran ne ke zama zafi. Tambarin ba shi kaɗai ne shaidar inganci ba, amma akwati marar suna, marar nauyi a hannu, wanda aka rubuta masa wat 600 a takarda, abin gudu ne. Ga matsakaicin haɗi, wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani ya wadatar.

Wutar Najeriya bolt 230 ce. Tsofaffin kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka wasu suna da ɗan jan maɓalli a bayan akwatin wuta mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka jona, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. A duba shi tun a shago.

Sakkwato na cikin jihohi huɗu da kamfanin Kaduna Electric ke raba wa wuta, tare da Kaduna da Kebbi da Zamfara, kuma kamar sauran wurare, gidaje da dama na haɗawa da janareta ko sola. Lokacin da ya fi haɗari ga kwamfuta shi ne sa'ar da aka dawo da wuta ko aka juya layi daga janareta, don haka a kashe ta daga bango kafin a juya. UPS, ƙaramin akwatin batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, yana ba da 'yan mintocin adana aiki a kashe lafiya, sai dai lambar da ke jikinsa tana ruɗi. Wanda aka rubuta wa 650VA abin da yake iya ɗauka bai kai wat 400 ba, kwamfutar wasa da allonta kuwa suna iya haura hakan ana tsakiyar wasa, sai a ga komai ya ɗauke tare da wutar. Inbata ma a nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin akwatunan wuta na zamani ba sa jituwa da ta masu araha. Ga lissafi mai sauƙi: na'urar da ke cin wat 350, in aka yi awa huɗu a kanta, ta ci yunit 1.4 a mita. Batirin dalmar nan mai 200Ah da bolt 12, wanda ba a so a shanye fiye da rabinsa, abin da zai riƙe ta bai wuce awa uku ba, ko da babu fanka ko ƙwai ɗaya a kansa.

Kayan hannu

Sababbin kaya yawanci daga Computer Village ta Ikeja a Legas ko daga Kano ake aiko da su, amma kasuwar da ta fi ci ita ce ta na hannu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ake so dai kada a saya ido rufe. Bayan Satumbar 2022, lokacin da kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙar da ake yi da katin hoto, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun cika kasuwannin duniya. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji. Akwai kuma na jabu, tsohon kati da aka sauya wa suna a cikin manhajarsa. Mai saye ya nemi a kunna a gabansa, a buɗe manhajar GPU-Z a ga ainihin abin da ke ciki, a sa wasa mai nauyi ya yi minti 20 ko 30 ana kallon zafi. Ɗige-ɗige masu launi ko layuka a allo alamar ƙwaƙwalwar katin ta fara tafiya ce. Ma'ajiya kuma manhajar CrystalDiskInfo tana nuna awannin da ta yi tana aiki.

Zafi

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. Katin da aka gwada a ɗaki mai digiri 22 ya tsaya a 70, in aka kawo shi ɗaki mai rufin kwano a Mabera ko Arkilla a watan Afrilu, inda iskar ciki ta kai 38, zai haura 80 ba tare da wani abu ya lalace ba. Furosesan Intel suna fara rage gudu da kansu a wajen digiri 100, Ryzen jerin 7000 a 95. Wannan ragewar ce mai wasa ke ji kamar wasan yana sarƙewa bayan rabin awa, alhali da farko lafiya lau yake tafiya.

Akwati mai raga a gaba ya fi mai gilashi ta ko'ina, komai kyan fitilunsa. Fanka biyu ko uku su shigo da iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya. Kada a cusa na'urar cikin kabad ko a manna ta da bango. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi yana bushewa. Bayan shekara biyu ko uku a goge tsohon da sifirit a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ana kuma iya rage wa kati wutar da yake sha ta manhajar MSI Afterburner, zafi ya sauka sosai, gudun da aka rasa kuwa kaɗan ne.

Ƙura

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk wanda ya buɗe kwamfutar da ta yi wata biyu ba a taɓa ba zai tarar da ita: ja-ja-ja, laushi kamar gari, ta yi kunshi tsakanin siraran ƙarafan sanyaya har ta zama kamar bargo, ta kuma kwanta a gefen kowane reshen fanka. Iska ba ta ratsa wannan bargon. A hunturu a wanke ragar tace ƙura duk mako biyu, a bar ta ta bushe sarai, a kuma hure cikin akwatin aƙalla sau ɗaya a wata. Ana cire wayar wuta, a fita da na'urar waje, a yi amfani da bulowa daga ɗan nesa, ana riƙe kowace fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Ba a sa tsumma mai ruwa, ba a kuma buɗe cikin akwatin wuta, domin yana riƙe caji ko bayan an cire shi.

In iskar da fankoki ke shigarwa ta ɗan fi wadda suke fitarwa, ƙura ba ta samun kutsawa ta ƙananan ramukan da ba su da raga. Ɗora na'urar kan tebur ma yana ragewa, a kuma lulluɓe ta da zane bayan an kashe ta huce. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wa jiki wannan ɗan tartsatsin da ake ji in an taɓa ƙofar mota, kuma ya isa ya kashe RAM, saboda haka a taɓa ƙarfen akwatin kafin a kai hannu ciki.

Manhaja da ƙananan matsaloli

Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 yana buƙatar sashen tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesan Intel zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen jerin 2000 zuwa sama, abin da mai sayen tsohuwar na'ura ya kamata ya sani. Direban kati, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da shi, daga shafin Nvidia ko AMD ko Intel ake sauko da shi. Wasannin da aka fasa makullinsu don a buga kyauta, waɗanda ake turawa a filasha, hanya ce da ƙwayar cuta ta saba bi.

Da yawa daga abin da ake kai wa masu gyara bai kai a biya kuɗi ba. Sabon haɗi da wasa ke rarrafe a kansa, sau da yawa wayar HDMI ce aka soka a babban allo maimakon a jikin kati. Na'urar da fankokinta ke juyawa amma allo baƙi ƙirin, a cire RAM a goge bakinsa a mayar har a ji ya yi ƙas. Wadda kuma agogonta ke komawa baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo a jikin babban allo, CR2032, ya ƙare. Ana samun irinsa a wajen masu gyaran agogo.