Waiwaye: Yadda Bindigar Wasan Yara Ta Zama Matsalar Hukuma

A watan Agustan 1987 ana tsaka da labarai kai tsaye a gidan talabijin na KNBC da ke Los Angeles, sai ga wani mutum ya shigo ɗakin watsa shiri ya tsaya bayan ɗan jarida David Horowitz ya ɗora masa bindiga a baya, ya miƙa masa takarda yace karanta. Bawan Allah ya saka tabarau ya fara karanta wani dogon surutu akan CIA da wasu halittu daga sama, gidan talabijin ɗin suka yanke shirin, shi kuma ya cigaba da karatu har ƙarshe don baisan me zai biyo baya ba. Da aka gama sai mutumin ya ajiye bindigar a tebur, ashe ta wasa ce. Daga ranar Horowitz ya ɗauki abin da zafi, ya dinga bin majalisu yana kamfen a hana sayar da duk bindigar wasan da ta yi kama da ta gaske, kuma birane irinsu Burbank da Los Angeles suka yi dokar.

Ba wai daga nan maganar ta fara ba fa. Tun 1955 birnin New York yake da dokar da ta hana bindigar wasa baƙa ko shuɗiya ko mai ruwan azurfa. Amma shekarun 1980 ne abin ya ta'azzara saboda kamfanonin kayan wasa sun shiga gasar wa zai fi kwaikwayo, akwai wata bindigar ruwa mai batir da ake kira Entertech, baƙa wuluk siffar bindigar yaƙi ta Uzi sak, kuma abinda ake tallata ta da shi kenan, wai kamar ta gaske. To ɗan sanda da daddare ina zai tsaya tantance wannan? A 1983 an harbe yaro ɗan shekara 5 a cikin gidansu a Stanton ta jihar Kalifoniya yana riƙe da bindigar wasa, a 1987 kuma aka kashe wani saurayi ɗan shekara 19 a Rancho Cucamonga suna wasan harbin juna da bindigar haske mai suna Lazer Tag shi da abokansa a harabar makaranta da dare.

A ƙarshen 1988 majalisar Amurka ta yi dokar tarayya, kuma abin dariyar a cikin wata doka ta harkar makamashi aka cusa ta. Dokar tace duk bindigar wasan da za'a ƙera ko a shigo da ita ko a sayar sai an toshe bakinta da wani abu mai ruwan lemo ƙal, daga baya ƙa'idoji suka bada zaɓin a yi ta gaba ɗaya da launi mai haske ko da roba garai-garai da ake ganin cikinta. Wannan ɗan jan bakin da kake gani a bindigogin roba da ake jibgewa a kasuwanninmu gab da sallah, asalinsa kenan, masana'antun Chana kasuwar Amurka suke yi wa, mu kuma muna samun namu kason daga layi ɗaya.

Sai dai tun ba'a je ko'ina ba aka gane dabarar bata da ƙarfi. Ita kanta dokar ta umarci a yi bincike, aka gwada 'yan sanda a yanayi na gaggawa aka ga yawancinsu basa ma lura da jan bakin, harbi kawai suke. Wani binciken da ya fito a 1990 ya nuna tsakanin farkon 1985 zuwa Satumbar 1989 'yan sandan da aka tambaya sun ƙwace bindigogin bogi 31,650, kuma an yi fashi sau dubbai da irinsu. Kaga matsalar fuska biyu gareta kenan, ɗan fashi yana so tasa ta bogi a ɗauka ta gaske ce, yaro kuma tasa ta bogi ana ɗauka ta gaske ce ba da sonsa ba, kuma fenti ɗaya ake so ya magance duka biyun. Ɗan fashi zai sa baƙin alƙalamin maka ya baƙanta bakin cikin minti ɗaya. Yaro kuma da ta faɗi sau biyu bakin ya karye shikenan. Gashi dokar tarayyar akan mai ƙerawa da mai sayarwa take, bata ce komai akan wanda ya saya ya je gida ya ɓalle abin ba sai dai in jiharsa ta hana, sannan bata shafi bindigar iska mai harsashin ƙarfe ba sam.

Shi yasa tarihin abin a Amurka in ka bi shi kusan duk gawa ce sannan doka. Satumbar 1994 ɗan sanda ya harbe Nicholas Heyward Jr. ɗan shekara 13 a wani benen gidajen gwamnati a Brooklyn suna wasan ɓarawo da ɗan sanda, ba'a yi wata ɗaya ba kamfanin sayar da kayan wasan yara na Toys R Us yace ya daina sayar da masu kama da na gaske. Oktoban 2013 aka kashe Andy Lopez shima ɗan 13 a Santa Rosa yana tafe da bindigar roba siffar AK-47 wadda jan bakinta ya cire, sai Kalifoniya ta yi sabuwar dokar ƙara launi a jiki wadda ta fara aiki a 2016. A 2015 babban lauyan jihar New York ya ci tarar su Walmart da Amazon da Sears da Kmart sama da dala 300,000 akan bindigogin wasa fiye da 6,400 da suka sayar wa mutanen jihar saɓanin doka.

Wanda ya fi tsaya wa mutane a rai shine Tamir Rice. Ranar 22 ga Nuwamba 2014 a Cleveland ta jihar Ohio, yaro ɗan shekara 12 yana wasa a wani filin shaƙatawa da bindigar roba da ba jan baki, wani ya kira 'yan sanda kuma ya faɗa da bakinsa cewa wataƙila ta bogi ce kuma wataƙila yaro ne, amma ba'a isar wa waɗanda aka tura wannan ɓangaren ba, motarsu na tsayawa cikin kamar daƙiƙa biyu an harbe shi, washegari ya rasu. Ba'a gurfanar da kowa ba, birnin dai ya biya iyalansa dala miliyan 6 a 2016. Watanni uku kafin nan a jihar dai, an kashe John Crawford III a cikin kantin Walmart, ya ɗauki bindigar iska daga kan kantar kayan sayarwa yana waya. Su biyun duk baƙaƙen fata ne, kuma duk wanda ya cire wannan daga lissafi to bai faɗi labarin duka ba. Jaridar Washington Post ta ƙirga mutum 86 da 'yan sanda suka kashe a 2015 da 2016 suna riƙe da bindigar da ba ta gaske ba.

Ni abinda yake ɗaure min kai a nan shine Ohio jiha ce da doka ta yarda babba ya rataya bindigar gaske ya yi yawonsa a titi kowa na gani. Kuma hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka wadda yanzu ita ke kula da maganar jan bakin nan, doka ta hana ta taɓa bindigar gaske kwata-kwata, wato tana da ikon ta tsare kwantenar bindigar roba a tashar ruwa amma bata da ikon cewa uffan akan wadda ake kwaikwaya. An rasa yadda za'a yi da jaki ne ake ta dukan taiki. Ɗan sandan da yake harbi cikin daƙiƙa biyu ai ba launin roba ne ya firgita shi ba, sanin da ya yi ne cewa a ƙasar da bindigogi suka fi mutane yawa duk hannun da ya motsa zai iya zama ajalinsa.

Ingila wata hanyar ta bi. Bayan kisan yara 'yan makaranta a garin Dunblane na Scotland a 1996 aka haramta ƙananan bindigogi kusan gaba ɗaya a Birtaniya, sai masu laifi suka koma kan na bogi da kuma waɗanda ake iya juyawa su koma harba harsashi. A 2003 aka mayar da yawo da bindigar bogi a bainar jama'a ba dalili laifi, a 2006 kuma aka yi dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da duk wadda ido ba zai bambance ta da ta gaske ba. Su basu yarda da ɗan jan baki ba, sai dai fiye da rabin jikinta ya zama launi mai ƙyalli, kore shar ko ruwan hoda da makamantansu. Amma sun bar ƙofa ga masu fim da gidajen tarihi da masu wasan yaƙi da bindigar roba, su waɗannan na ƙarshen sai mutum ya yi rajista a filin wasa ya je aƙalla sau uku cikin abinda bai gaza wata biyu ba kafin dila ya sayar masa da baƙa. In kuma ka yi fashi da ta bogi, kotu bata wani sassauta maka don roba ce.

Japan inda ita wannan bindiga mai harba 'yan ƙwallayen roba ta samo asali, su tun 1971 suka ce samfurin ƙaramar bindiga na ƙarfe sai a toshe bututunsa a yi masa fenti fari ko rawaya. Brazil ta hana ƙerawa da sayarwa da shigo da su a dokar kwance ɗamara ta 2003. A Ostareliya kuma jiha-jiha ne, bindigar da ke harba ƙwallon ruwa mai laushi halal ce a Queensland amma tun 2021 haramun ce a jihar Yamma.

Chana ce ta kai abin wani wuri daban, kuma a nan ne mutum zai ga illar ɗaya ɓangaren. Su ba kama suke dubawa ba, ƙarfin harbi suke aunawa. A da ma'aunin yana wajen jul 16 (jul ma'aunin ƙarfi ne) a kowane murabba'in santimita, sai hukumar 'yan sanda ta sauke shi zuwa 1.8, wanda ƙarfi ne da zai iya lahanta ido amma ba zai huda fata ba, to dare ɗaya tulin kayan wasa suka koma bindiga a idon doka. Wata mata mai suna Zhao Chunhua 'yar shekara 51 a birnin Tianjin tana da ɗan teburin harbin balan-balan a bakin titi da shi take ci, aka kama ta aka ce shida daga cikin bindigoginta na gaske ne, a Disambar 2016 aka yanke mata shekara uku da rabi. Da surutu ya yi yawa a intanet sai kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da shi ɗaurin je-ka-gyara-halinka ta koma gida a Janairun 2017, amma laifin yana kanta ba'a wanke ta ba. Na Liu Dawei ya fi muni, yana ɗan shekara 18 ya yi odar bindigogin bogi 24 daga Taiwan ta intanet, ko hannunsa basu iso ba kwastam suka tare, a 2015 aka yanke masa ɗaurin rai da rai akan fasa-ƙwaurin makamai. An ruwaito yace wa kotu a harbe shi da bindigogin da ya saya in ya mutu ya amsa laifinsa. Sai a ƙarshen 2018 aka rage masa zuwa shekara 7 da wata 3, bayan kotun ƙoli ta fitar da umarni cewa alƙalai su daina ƙirga adadi kawai su duba ƙarfin abin da niyyar mai shi. Kuma duk wannan a ƙasar da ita ke ƙera wa duniya yawancin kayan.

Wanda ya fi kama da namu yanayin shine na Afganistan. Ƙaramar sallar 2015 yara suka kwashe kuɗin barka da sallah suka sayi bindigogi masu harba ƙwallon roba, cikin kwana uku sama da yara 100 aka kai asibiti a Kabul da raunin ido, ma'aikatar cikin gida ta umarci 'yan sanda su bi kasuwa su ƙwace su duka. Su dalilinsu biyu ne, idon yara da kuma cewa ƙasar da ta shekara talatin da wani abu tana yaƙi bai kamata wasan yaranta ya zama Kalashnikov ba. A Ghana ma ƙarshen 2024 gab da zaɓe yayin bindigar wasa ya ɓarke, ya taso daga Kumasi, kuma ba yara kaɗai ba har da ƙarti masu gemu suna bin juna a titi suna ɗauka suna sawa a TikTok, har 'yan sanda suka yi kame suka kwashe bindigogin.

A Najeriya jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su kwata-kwata yana ɗauke da ƙaramar bindigar iska da kuma duk fistol ɗin da aka ɓadda wa kama, a jeri ɗaya da kuɗin wuri da gwanjon tufafi. Ita kuwa ta roba mai jan baki a buhu-buhu take shigowa, kuma abinda 'yan sanda suka fi fitar da sanarwa akai lokacin sallah da kirsimeti shine nokawut, saboda ƙararsa tana rufe wa ɓarayi harbin gaske. Sau nawa muka ga an yi holin masu ƙwacen waya ko masu tare hanya an baje kayansu a ƙasa, ka duba da kyau ka ga bindigar katako ce aka naɗe da baƙin salatif ko ta yara aka yi wa fenti. Dilan da ya sauke kwantena bashi da wata fargaba, wanda yake cikin haɗarin shine yaron da ya goge jan bakin tasa don ta fi ta abokinsa kyau, ya fito da ita bayan magariba a unguwar da akwai shingen jami'an tsaro ko 'yan sintiri da suka kwana biyu basu yi barci ba.