Daidaiton jinsi: me kalmar take nufi idan ta shigo cikin gida?

Da wuya mako ya wuce ba ka ji an ce "daidaiton jinsi" ba, ko a rediyo ko a bakin ma'aikatan ƙungiyoyi. A majalisarmu ta unguwar Zariya, nan Maradi, ana ambatarta fuskoki ke sauyawa. Wani dattijonmu ya taɓa cewa, "Wato so suke mu ɗaura zane mu shiga madafa?" Aka yi dariya aka wuce, ba wanda ya tsaya ya warware kalmar.

"Jinsi" aro ne daga Larabci, ma'anarsa nau'i, a nan kuwa namiji ko mace. Rigimar tana cikin "daidaito", domin "daidai" a Hausa baki biyu gare ta. Akwai ta "tsawonsu daidai", wato kai ɗaya suke. Akwai kuma ta "ka yi daidai", wato ka yi abin da ya dace. Kunnen maigida ta farkon yake kamawa, sai ya ji kamar ana cewa shi da matarsa halitta ɗaya ne. Alhali abin da ake nufi shi ne darajarsu da haƙƙinsu su zo daidai, kada a tauye wani don kawai an haife shi mace.

Masu amfani da kalmar sun raba abu biyu. Ɗaukar ciki, haihuwa da shayarwa halitta ne, ba mai sauya su. Amma wa zai kai yaro asibiti da dare, wa zai duba allonsa ko littafin lakwal, wa za a tura talla wa za a bari ya yi karatu, wannan tsarin mutane ne. Shi ne abin da ake kira "genre" a Faransanci, kuma a kansa ake magana.

Ɗauki gida guda a ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji lokacin damina. Mace ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta dama fura ta kai gona da goyo a bayanta, ta taya aikin gandu, sai da rana ta karkata ta leƙa gamanarta, wato ƴar gonarta ta kanta. Maigida ma ya sha rana, ba mai musu. Sai dai idan an dawo, shi tabarma ce ke jiransa, ita kuwa murhu. Ƙidayar lafiya ta 2012 ta nuna macen Nijar na haihuwar yara 7.6 a matsakaici. A lissafa wanka, wanki da jinyar yaran nan a kan mutum guda, za a gane abin da ya sa maganar ta taso.

Abin da ke hana maza sa hannu, a ganina, ba mugunta ba ne sosai. Tsoron baki ne. Wanda aka gani yana wa ɗansa wanka, kafin la'asar an laƙaba masa "mijin ta ce", wata gwaggo kuma ta rantse an shanye shi. Ga kunyar ɗan fari, wadda ke hana uba ko kiran sunan ɗansa. Ga wankan gida: mai haihuwar fari ta tafi wajen iyayenta ta yi arba'in, aikin miji ya tsaya a itace, hatsin kunu da ragon suna. Al'ada ce mai amfani, tana hutar da mai jego. Amma ta saba wa uba zama baƙo a rayuwar jaririnsa tun daga ranar farko.

Masu cewa abin na Turawa ne kacokan su koma ga littattafanmu. A Sahihul Bukhari an tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora yaye kafin shekara biyu a kan yardar uwa da uba da shawararsu. Ciyarwa da tufatarwa suna kan miji, wannan bai motsa ba. Ba a dai ce daga cefane ya gama ba.

A ƙasarmu an gwada abin a aikace. Shirin École des maris, wato makarantar mazan aure, a jihar Damagaram ya faro da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a, kafin ya bazu zuwa wasu jihohi har da Maradi. Ba aji ba malami: magidanta ne ke zama su tattauna awon ciki, haihuwa a asibiti da tazarar haihuwa, sannan su je su ja hankalin ƴan'uwansu maza. Dabarar a fili take, tunda iznin fita a hannun miji yake, shi ya kamata a fara samu. Mata kuwa nasu ya riga: asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi aka kafa shi a 1991 tare da ƙungiyar CARE.

Kwanan baya na kai ƙaramar ɗiyata rigakafi, uwarta na fama da zazzaɓi. Ni kaɗai ne namiji a layin. Wata tsohuwa ta dube ni ta ce, "Malam, ina uwar ɗiyar?" Na ce tana kwance. Ta ce, "Allah ya ba ta lafiya," ta gyara mini wuri a benci. Da aka zo kanmu, ma'aikaciyar ta tambaye ni wace allura aka yi mata ta ƙarshe. Na yi shiru. Sai da na buga wa mai zazzaɓin waya.