Manhajar Haɗa Wakilan AI da Farashin Kwangilolin Zaɓi

Manhajar haɗa wakilin AI da farashin kwangilolin zaɓi ƙaramar manhaja ce da ke zama tsakanin ƙirƙirarriyar basira da kamfanin da ke tattara bayanan kasuwar hannun jari. Takan karɓi buƙata daga wakilin, wato ƙirƙirarriyar basirar da ke yi wa mutum aiki a madadinsa, ta ɗauko farashin da ake ciki a lokacin, ta miƙa masa a tsarin da zai iya karantawa. Abin da ya sa ake buƙatarta shi ne, manyan manhajojin harshe irin su ChatGPT da Claude da Gemini an horar da su ne da rubuce-rubucen da suka tsaya a wata rana, duk abin da ya faru bayan nan ba su da labarinsa sai an kawo musu. Shi kuwa farashin kwangilar zaɓi yakan sauya sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Idan aka tambayi wakili farashi alhali ba shi da hanyar dubawa, ko dai ya ce bai sani ba, ko kuma ya ƙago wata lamba mai kama da gaskiya, wannan na biyun shi ne abin tsoro.

Kwangilar zaɓi

Kwangilar zaɓi yarjejeniya ce da ke ba mai ita damar saye ko sayar da hannun jari a kan tsayayyen farashi kafin wani wa'adi ya cika, ba tare da an tilasta masa ba. Iri biyu ce: zaɓin saye da zaɓin sayarwa. A Amurka, inda wannan kasuwa ta fi girma, kwangila ɗaya takan tsaya a madadin hannun jari 100. A ce hannun jarin wani kamfani yana dala 100, sai mutum ya sayi zaɓin saye a kan dala 105, ya biya dala 2 kan kowane hannun jari, wato dala 200 ke nan. In farashi ya kai dala 110 a ranar cikar wa'adi, kwangilar ta zama ta dala 500, ribarsa dala 300 kafin a cire la'adar dillali. In kuwa farashin bai wuce 105 ba, dala 200 ɗin nan sun tafi ke nan.

An buɗe kasuwar farko ta irin waɗannan kwangiloli masu tsari ɗaya, wato CBOE, a birnin Chicago ranar 26 ga Afrilu, 1973, da zaɓin saye a kan kamfanoni 16 kacal. Zaɓin sayarwa bai shigo ba sai 1977. A wannan shekara ta 1973 ne kuma Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa lissafinsu na ƙiyasta darajar zaɓi, Robert Merton ya faɗaɗa shi. Scholes da Merton sun sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1997, bayan rasuwar Black a 1995. Yau akwai kasuwannin zaɓi fiye da 15 a Amurka. Hukumar OPRA ce ke haɗa farashinsu wuri guda ta rarraba, OCC kuma ita ce ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa don tabbatar da an cika alkawari.

Yadda manhajar ke aiki

Da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji yanzu suna bin ƙa'idar Model Context Protocol, wadda aka fi sani da MCP. Kamfanin Anthropic ne ya fitar da ita a Nuwamba 2024 a matsayin ƙa'ida buɗaɗɗiya, OpenAI ya karɓe ta a Maris 2025, Google ma ya bi sahu. Kafin zuwanta, kowane mai haɗa manhaja sai ya rubuta tasa hanyar ta daban ga kowane wakili da kowace majiyar bayanai.

A ƙarƙashin MCP, manhajar takan fara da gabatar da kanta: ga jerin ayyukan da nake iya yi, ga sunan kowanne, ga bayanin da yake buƙata. Wani aikin na kawo ranakun cikar wa'adi ne, wani na kawo jadawalin kwangilolin kamfani guda, wani na kawo farashin kwangila ɗaya. Wakilin ne ke karanta wannan bayani ya zaɓi aikin da ya dace da tambayar da aka yi masa. Saƙonnin suna tafiya a tsarin JSON-RPC 2.0, ko dai a cikin kwamfutar mai amfani ko ta intanet. Ita manhajar ba ta da farashin komai a wurinta. Takan je wurin dillali ko kamfanin sayar da bayanai ta hanyar API, wato ƙofar da manhajoji ke bi su karɓi bayanai daga juna, da mabuɗin sirri na mai asusun, ta karɓo, ta tace, ta miƙa.

Tacewar nan ba ƙaramin aiki ba ne. Jadawalin babban asusun zuba jari irin SPY, wanda ke bin farashin manyan kamfanonin Amurka, yana ɗauke da dubban kwangiloli, alhali abin da wakili zai iya riƙewa a zama ɗaya yana da iyaka. In aka juye masa jadawalin gaba ɗaya, kuɗin aiki ya ƙaru, kuma ya fi saurin rikita layi da layi. Manhaja mai kyau takan bar wakilin ya taƙaita buƙatarsa: wa'adi kaza, farashi daga kaza zuwa kaza, zaɓin saye kawai.

Kowace kwangila tana da lambar shaida mai gurbi 21, tsarin da aka koma kansa a 2010. Gurbi shida na farko na alamar kamfani ne, shida na biye ranar cikar wa'adi, sai harafin C na zaɓin saye ko P na zaɓin sayarwa, sannan tsayayyen farashi da aka ninka sau 1,000 a gurbi takwas. Idan aka ga 251219C00200000 a bayan AAPL, ana nufin zaɓin sayen hannun jarin Apple a kan dala 200, mai ƙarewa ranar 19 ga Disamba, 2025. Kuskuren sifili ɗaya a nan ya isa ya mai da dala 200 ta koma dala 20.

Abin da lambobin ke nufi

Nan ne gizo ke saƙa, domin lambobin da ke zuwa a layi ɗaya ba shekarunsu ɗaya ba, ba kuma asalinsu ɗaya ba.

Farashin tayi da farashin sallamawa su ne ke nuna halin da kasuwa ke ciki yanzu. Farashin cinikin ƙarshe kuwa yana iya zama na awa uku da suka wuce, ko ma na jiya, idan kwangilar ba ta da masu ciniki sosai. Ana iya samun kwangilar da aka taya dala 1.10, mai ita ya ce sai 1.60, cinikin ƙarshe kuma ya nuna 2.40 tun safe kafin farashin kamfanin ya faɗi. Wakilin da ya ɗauki 2.40 ya ce ita ce darajar kwangilar bai yi ƙarya ba a zahiri, amma ya ɓatar da wanda ya tambaye shi. Haka adadin kwangilolin da ke buɗe: sau ɗaya ake sabunta shi a rana bayan an rufe lissafi, don haka abin da ake gani da rana na jiya ne, ko da yana zaune kusa da farashin wannan daƙiƙa.

Sai ma'aunan nan da ake kira da sunaye irin na haruffan Girka. Delta na nuna yadda darajar zaɓi za ta motsa idan hannun jarin ya motsa da dala ɗaya, gamma na nuna saurin sauyawar ita delta, theta na auna abin da zaɓi ke rasawa kowace rana, vega kuma na auna tasirin sauyin hawa da saukar da kasuwa ke zato. Waɗannan ba daga kasuwa suke fitowa ba, kowane kamfanin bayanai ne ke lissafa nasa. Lissafin Black da Scholes an gina shi ne kan zaɓin da ba a amfani da shi sai ranar ƙarshe, alhali zaɓin hannun jarin kamfanoni a Amurka ana iya amfani da shi kowace rana kafin wa'adi. Shi ya sa wasu ke komawa ga hanyar da Cox da Ross da Rubinstein suka fitar a 1979. Majiya biyu na iya ba da delta daban-daban ga kwangila ɗaya, kuma babu wadda ta yi kuskure.

Kalmar "kai tsaye" ita ma tana buƙatar lura. Bayanan kyauta galibi suna zuwa ne da jinkirin minti 15, na ainihin lokaci kuwa sai da lasisi da biyan kuɗi, kuma kuɗin ƙwararre ya fi na mai ciniki don kansa. Minti 15 ba komai ba ne ga kwangilar da ta rage wata shida. Ga wadda za ta ƙare a ranar, irin wadda ta yawaita tun 2022 lokacin da zaɓin S&P 500, ma'aunin farashin manyan kamfanonin Amurka, ya fara samun wa'adi a kowace ranar aiki, minti 15 sun isa darajarta ta ninka ko ta ƙare. Ciniki na yau da kullum kuma daga 9:30 na safe ne zuwa 4:00 na yamma agogon New York. Bayan nan, abin da yawancin kwangiloli ke nunawa ragowar rana ne. Saboda haka manhajar da ba ta liƙa wa kowace lamba lokacinta da majiyarta ba, ba ta cika aikinta ba, komai kyawun tsarinta.

Tsaro da iyaka

Akwai manhajar da karatu kawai take yi, akwai kuma wadda aka ba ikon aika odar ciniki, kuma ratar da ke tsakaninsu babba ce. Wakilin da ke karanta shafukan intanet ana iya cusa masa umarni a ɓoye cikin wani rubutu, ya ɗauka daga mai shi ya fito. In ikonsa bai wuce duba farashi ba, ɓarnar kaɗan ce. In yana riƙe da mabuɗin asusu, dukiya ce a hannunsa, musamman tunda mai sayar da zaɓin saye ba tare da ya mallaki hannun jarin ba asararsa ba ta da iyaka. Don haka ne ƙa'idar MCP ta ba da shawarar mutum ya riƙa amincewa kafin a aiwatar da aiki, masu haɗa manhajar kuma sukan ajiye mabuɗin a inda wakilin ba zai gan shi ba. Hukumar SEC da FINRA ne ke sa ido kan dillalai a Amurka, kuma dillali ba ya buɗe wa asusu cinikin zaɓi sai ya tantance mai shi, ko mutum ne ke danna maɓalli ko wakilinsa.