Aƙidar 'Yancin Mata ta Baƙaƙen Fatar Amurka

Aƙidar 'yancin mata ta baƙaƙen fata makarantar tunani ce da ta tsiro a tsakanin matan Amurka jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka. Ginshiƙinta shi ne cewa wariyar launin fata da fifita namiji da talauci a dunƙule suke auka wa baƙar mace, don haka duk gwagwarmayar da ta tunkari ɗaya ta bar sauran ba za ta share mata hawaye ba.

Galibi ana faro tarihinta daga Sojourner Truth, wadda aka haifa cikin bauta a jihar New York, kuma a 1851 ta miƙe a taron 'yancin mata da aka yi a garin Akron na jihar Ohio ta shaida cewa ta yi noma da girbi kamar kowane namiji. Sai dai aƙidar ba ta tsaya da ƙafafunta ba sai bayan 1970, lokacin da matan suka lura cewa maza ne ke jan ragamar ƙungiyoyin baƙaƙe, su kuma ƙungiyoyin mata damuwar fararen mata masu hali ce a gabansu. A 1974 Barbara Smith da 'yar'uwarta Beverly da Demita Frazier da wasu suka kafa ƙungiyar Combahee a Boston. Sunan na wani kogi ne a Karolina ta Kudu, inda Harriet Tubman, baiwar da ta tsere daga bauta, ta yi wa sojojin jihohin arewacin ƙasar jagora a yaƙin basasar Amurka a 1863 aka kuɓutar da bayi fiye da 700. Sanarwar da suka fitar a 1977 har yau ana karantar da ita a jami'o'i.

Babu abin da ya fito da matsalar fili kamar shari'ar da wasu baƙaƙen mata biyar suka yi da kamfanin General Motors, wadda aka yanke a 1976. Kamfanin bai ɗauki baƙar mace aiki ba kafin 1964, don haka da aka tashi rage ma'aikata bisa tsarin wanda ya zo ƙarshe shi ne farkon tafiya, su aka sallama. Kotu ta ce ba a nuna wa mata bambanci ba tunda an daɗe ana ɗaukar fararen mata, ta kuma ƙi yarda a haɗa launin fata da jinsi cikin ƙara guda. A kan irin wannan hukunci ne lauya Kimberlé Crenshaw ta gina bayaninta na 1989, inda ta kwatanta baƙar mace da wanda ke tsaye a mararraba, mota na iya buge shi ta kowace fuska, sannan kowane direba ya ce ba shi ba ne.

Masu wannan aƙida ba su raba gyaran kai da gyaran al'umma ba, kuma nan ne ake yawan yi musu gurguwar fahimta. A littafinta na 1990, masaniyar zamantakewa Patricia Hill Collins ta nuna yadda aka ƙaƙaba wa baƙar mace siffofi kamar baiwa mai rainon 'ya'yan uwargijiya ko cima-zaune mai jiran tallafin gwamnati, ta ce matakin farko na 'yanci shi ne mace ta fayyace ko ita wace ce da bakinta. Marubuciya Audre Lorde, wadda ta yi fama da ciwon daji har rasuwarta a 1992, ta ɗauki kula da lafiyar kai a matsayin ɓangaren gwagwarmayar siyasa, ko da yake 'yan kasuwa sun mayar da zancen tallar man shafawa.

A Afirka ba a karɓi aƙidar yadda take ba, domin wasu masana na ganin yanayin Amurka ne ya haife ta. Molara Ogundipe-Leslie, 'yar Najeriya, ta gabatar da nata ra'ayin a 1994, wanda ya ba da ƙarfi ga sauya al'ummar Afirka tare da shigar da mata a ciki.